Wayar Birki

Shekara talatin ina gyara masa amfilifaya
a rumfata ta Jekadafari, jikin mai faci.
Ban taɓa riƙe sunan kiɗansa ko ɗaya ba.
Na dai san ƙaurin da ke tashi in ya ƙona fis.

Mela, ɗan Billiri. A majami'a ya fara,
yana ɗan sha huɗu, can bayan matan zumunta.
Wata Lahadi ya danne tsirkiya, ya murɗa ta,
ta yi kuka irin na kura a gindin tsauni.
Dattawa suka dubi juna.
Aka ce ya je ya huta.

Ya shigo Gombe a saman motar auduga,
jita cikin buhun taki, igiya ce maratayi.
Taurarin Dadin Kowa suka ɗauke shi:
su biyar, ganga ɗaya, anko na bashi,
ladan dare shinkafa da kwalba bibbiyu.
Mai ganga ya arce da kuɗin Kirsimeti,
taurari suka faɗi tun kafin asuba.

Ya yi wata takwas da makaɗan 'yan sanda.
Su hagu-dama suke so, shi sai ya kauce.
Sufeto ya ce, "Kai kana da ladabi,
jitarka ce ba ta jin oda."

A Gwallameji ya sami abin da yake nema.
'Yan makaranta huɗu, gashi buzu-buzu,
wai su Kunamun Dutse.
Ƙara suke so, ya ba su ƙara,
har kwanon rufi ya riƙa amsawa,
har mai gidan haya ya kira su gaban mai unguwa.
Shekara biyu. Sai sakamako ya fito.
Ɗaya ya zama akanta, ɗaya kwastan,
biyun ban san inda suka nufa ba.
Suka bar masa hoto guda da bashin ɗaki.

Daga nan sai ya zama na kowa.
Juma'a Kaltungo, Asabar Kumo, Lahadi duk inda aka kira,
yana sauya riga a bayan acaɓa.
In makaɗin wasu ya kwanta ciwo, a nemo Mela.
Kaset bakwai da hannunsa a ciki,
ko ɗaya ba sunansa a bango.
Tsirkiya ta tsinke, ba kuɗin Kano,
ya warware wayar birki ya ɗaura.
Kan yatsunsa ya yi kanta, ƙaya ba ta huda shi.

Rifkatu, matarsa, ta taɓa faɗa a gabana:
"Kowace miya da kai a ciki,
amma ka taɓa jin an ce miyar gishiri?"
Ya yi dariya har ya ƙware.

Sai ga yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta
ya haɗiye ganga, ya haɗiye kakaki, ya haɗiye jita.
Waya ta daina ƙara.

Shekaranjiya ya zo, amfilifaya a ka,
furfura ta cinye masa saje.
Ya ce mai tallan maganin basir ya taya.
Na ce a gwada tukuna.
Ya jona, ya ɗaga hannu zai sauke,
aka ɗauke wuta.

Bai tsaya ba.
Jita ba wuta, muryarta ba ta fi ta sauro ba,
sai da na matso da kunne.
Ashe duk shekarun nan lasifika nake ji.
Ƙarƙashin ƙarar akwai wani ɗan amo siriri
mai tafiya a hankali, kamar mai komawa gida da dare
ba ya son ya tashi yara.
Mai faci ya ajiye guduma.
Wata mai awara ta tsaya, tire a kai.

Da ya gama na ce masa fis ya ƙone,
irinsa sai an aiko daga Jos, ya dawo wani makon.

Fis lafiyarsa ƙalau.
Tana nan ƙarƙashin tebur, na rufa mata tsumma.